Digiri Daga Gida: A Yi Tambaya Kafin A Biya Kuɗi

Kwanan baya na ya da zango a Ƙafin Maiyaki a kan hanyata ta zuwa Tudun Wada, sai wani malamin makarantar firamare wanda ya ba shekara arba'in baya ya zaunar da ni a bakin tasha, ya buɗe mini wayarsa. Tallace-tallace uku ya nuna mini. Na farko na Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa ne, watau NOUN. Na biyu na Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Na uku kuwa wani dillali ne ya turo masa, yana cewa akwai wata jami'a a ƙetare wadda za ta ba shi digiri cikin shekara guda, ba jarrabawa, ba zuwa ko'ina. Ya dube ni ya ce, "Malam, shekara goma sha biyar ke nan ina koyarwa da takardar NCE. Ga iyali, ga gona, ba ni da ikon komawa aji. Wanne zan ɗauka?"

Wannan tambaya ba tasa ba ce shi kaɗai. Akawuna a sakatariyar Bebeji, da ma'aikatan lafiya a Kiru, da malamai mata a Doguwa waɗanda aure da reno suka tsai da karatunsu, duk ita suke yi, domin sun ga yadda mai difloma yakan cije a wani mataki na albashi alhali yaron da ya koya wa aiki ya wuce shi da digiri. Amsata dai ita ce: karatun da ya dace da magidanci shi ne wanda yake yi masa sassauci a kan lokaci da wurin zama, amma ba ya yi masa sassauci a kan jarrabawa. Duk makarantar da ta sassauta jarrabawa, to, takarda take sayarwa.

Ya kamata a tuna cewa karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akawuna da malamai da yawa sun yi karatu ta gidan waya da makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, suna aika amsoshinsu cikin ambulan, su jira makonni kafin a dawo musu da gyara. A shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, watau NTI, a Kaduna, domin malamai su ƙaro ilmi ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Ita kuwa NOUN, a 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa ta, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin farar hula na Cif Olusegun Obasanjo, wanda shi kansa daga baya ya yi digirin digirgir a cikinta. Ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Abin da ya sauya a yau shi ne waya da intanet sun maye gurbin ambulan da kan sarki. Wahalar karatun kuwa tana nan yadda take.

To, da me mutum zai auna waɗannan makarantu? A ganina akwai tambayoyi huɗu.

Ta farko, shin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da makarantar, kuma ta amince da ainihin fannin da za ka karanta ta hanyar karatu daga nesa? Amincewa da jami'a daban, amincewa da fanni daban. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon 2024 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, kuma a watan Agustan shekarar Ministan Ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun jabu fiye da 22,000 daga ƙasashen biyu. Babu mamaki a cikin masu riƙe da su akwai waɗanda suka sayar da amfanin gona suka biya, suna zaton karatu suka saya. Araha ba ta ado.

Kada kuma a ɗauka cewa sunan hukuma a jikin talla ya wadatar. A 2023 Hukumar Kula da Ilmin Fasaha, watau NBTE, ta fito da wani shiri na shekara guda ta intanet domin masu babbar difloma ta HND su mai da ita digiri ta hannun jami'o'in ƙetare, amma ba a jima ba NUC ta fito fili ta ce ba da yawunta ba. Idan hukumomin gwamnati biyu suka sami saɓani, ɗalibin da ya riga ya biya kuɗi shi ne a tsakiya. Haka nan ɗaliban fannin shari'a na NOUN sun yi shekaru suna jira kafin a buɗe musu ƙofar Makarantar Horar da Lauyoyi. Saboda haka malami ya bincika matsayin fanninsa wajen Hukumar Yi wa Malamai Rajista, ma'aikaciyar jinya ta bincika wajen Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, tun kafin a cike takardar neman shiga.

Tambaya ta biyu, shin wurin aikinka zai karɓi takardar? Sau da yawa ma'aikaci yakan gama karatu ya kawo sakamako, sai a ce masa ai bai nemi izinin ƙaro ilmi ba, ko kuwa fannin da ya karanta bai shafi aikinsa ba. Malamin firamare da ya yi digiri a kan mulki da gudanarwa don kawai an ce ya fi sauƙi, yana iya samun kansa yana nan inda yake. Abin da ya dace shi ne ya rubuta ta hannun Sakataren Ilmi na ƙaramar hukumarsa zuwa Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta Jiha, ya karɓi amsa a rubuce, ya adana ta. Maganar baki ba ta shiga fayil.

Ta uku ita ce wadda ta fi shafar mutanen kudancin Kano: a ina za ka zauna jarrabawa? Kalmar "daga gida" tana ruɗin mutane. A NOUN, alal misali, ɗalibi yana sauke littattafan darussa a wayarsa, yana amsa ayyukan gwaji ta intanet, waɗanda suke ɗauke da maki 30 cikin 100, amma sauran maki 70 sai ya je cibiyar da ya yi rajista ya zauna jarrabawa a gaban masu sa ido. Cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello ita ma tana da wuraren da ta keɓe domin jarrabawa. Makarantar Ci Gaba da Ilmi ta Jami'ar Bayero kuwa ba ta intanet ba ce zalla, sai ka je aji da ƙafarka a ranakun da aka tsara. Ga mazaunin Dakata ko Fagge wannan ba komai ba ne. Amma ga wanda zai taso daga Riruwai, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada da Ƙafin Maiyaki, ya faɗa babban titi a Kwanar Ɗangora kafin ya doshi Kano, kowace takarda ɗaya ta jarrabawa tana nufin kuɗin mota, wataƙila har da wurin kwana. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 wannan lissafi ya ƙara nauyi. Mai hankali zai fara tambayar cibiya mafi kusa da shi, da kwana nawa jarrabawa take ɗauka, da kuma ko tana faɗowa a tsakiyar damina ko lokacin girbin masara da shinkafa.

Ta huɗu, nawa ne kuɗin karatun gaba ɗayansa? Abin da ake rubutawa a talla kuɗin shiga ne kawai. Bayansa akwai rajistar kowane zango, da rajistar kowane darasi, da kuɗin jarrabawa, da na kundin bincike a shekarar ƙarshe, ga kuɗin data, ga cajin waya a garin da wutar lantarki ba ta zama. Mai NCE ko ƙaramar difloma yana iya shiga kai tsaye a aji biyu, amma duk da haka shekara uku ce a gabansa idan bai faɗi ko ɗaya ba. Ya zauna da maiɗakinsa su yi lissafin shekara ukun nan, domin gara a jinkirta farawa da zango ɗaya da a yanke a tsakiya, kuɗi ya tafi, takarda ba ta zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san akwai masu cewa duk digirin da ba a zauna a aji an yi shi ba, ragagge ne. Ban yarda da su ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila tun 1971 take koyar da ma'aikata daga gidajensu, kuma babu mai raina takardarta. Amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu ta fuska ɗaya: wanda ba shi da malami a kansa, sai ya zama malamin kansa. Idan ba za ka iya ware sa'a biyu kullum ba, bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i, ka bar hira a majalisa, to, makarantar da ake zuwa aji a ƙarshen mako ta fi dacewa da kai, ko da ta fi wahalar zuwa. Masu biyan wani ya amsa musu ayyukan gwaji kuwa, ranar jarrabawa asirinsu yake tonuwa.

Ga abin da na faɗa wa malamin nan. Na ce ya goge tallan dillali nan take. Sauran biyun duka na jami'o'in Gwamnatin Tarayya ne, don haka ya duba wadda take da digirin fannin ilmi a darasin da yake koyarwa, ya tambayi NTI ita ma, sa'an nan ya zaɓi wadda cibiyar jarrabawarta ta fi kusa da shi kuma albashinsa zai iya ɗauka har ƙarshe, ba wadda sunanta ya fi daɗin faɗa ba.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da wakilanmu a majalisu. Al'ummomi da dama a ƙasar nan sun gina ɗakuna, sun zuba kwamfutoci, suka miƙa wa NOUN ta mai da su cibiyoyin karatu. Ƙafin Maiyaki tana bakin hanyar da mutanen wannan yanki suke bi, kuma ɗaki ɗaya mai wutar hasken rana da intanet a nan zai rage wa ɗimbin ma'aikata tafiya da ɗawainiya. Ma'aikatar Ilmi ta Jiha kuma ta riƙa buga sunayen makarantu da fannonin da za ta karɓa, a liƙa a kowace sakatariya, domin dillalai su rasa kasuwa. Gemu ba ya hana ilmi, amma mai gemu ba shi da shekarun da zai zubar a kan takardar da ba za ta karɓu ba. Allah Ya sa mu dace.