Gas, kananzir ko kyandir: Yadda yaƙin Yukren ya sauya lissafin murhun soja

Tun da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022, hankalin duniya ya fi karkata ga makamai masu linzami da jirage marasa matuƙa. Amma a ramukan da sojoji ke kwana, akwai tambayar da ba ta wuce kowace safiya: da me za a tafasa shayi, a ɗumama abinci, ba tare da an tona asirin maɓoya ba?

A da, soja yana gudun hayaƙi da rana, yana gudun harshen wuta da dare. Yanzu ƙananan jirage marasa matuƙa suna ɗauke da kyamarar da ke gano zafi, don haka murhun da ya daɗe yana ci zai iya jawo ruwan bama-bamai. Saurin dafuwa ya zama abu na biyu. Abu na farko shi ne ko makamashin zai iso hannun soja, kuma ko wutar za ta bar shi da ransa.

Gas: sauri, amma yana tsoron sanyi

Ƙaramin murhun gas da ake ɗaurawa a kan gwangwani shi ne masu yawon daji suka fi so. Ba shi da nauyi, ba ya hayaƙi, yana tafasa ruwa cikin mintuna kaɗan.

Matsalarsa sanyi. Gas nau'in butan yana daina tashi idan ma'aunin zafi ya sauko kusan sifili, shi ya sa a hunturun Yukren gwangwani cike yakan ƙi kamawa. Nau'in furofan yana jurewa har digiri 42 ƙasa da sifili, sai dai yana buƙatar tukunya mai kauri da nauyi. Ga shi yawancin ƙananan gwangwanayen ba a sake cika su.

Kananzir: ƙazanta, amma akwai shi

Risho mai famfo, irin wanda kamfanin Primus ya fara ƙerawa a Siwidin a 1892, har yau jikokinsa suna aiki. Wasu na zamani suna cin kananzir da fetur da dizal, kuma sanyi bai dame su ba.

Wannan ne dalilin da manyan rundunoni ke riƙe da su. Amurka tana bin tsarin mai ɗaya a fagen daga, inda man jirgi na JP-8 ke tuƙa jirage da motoci da janareto, har da murhun kicin na sansani. Kowane ƙarin nau'in mai yana nufin ƙarin motocin dako a hanyar da za a iya yi musu kwanton-ɓauna. Sai dai risho yana da nauyi, yana toshewa, kuma yakan yi balbal da wuta lokacin kunnawa.

Ƙwayar wuta da girki ba wuta

Shekaru da dama sojojin Birtaniya da Jamus sun dogara da ƙwayar hekzamin. Ƙwaya ɗaya mai giram 14 tana ci kusan minti 12, abin da ya isa shayi. Amma tana da wari, tana fitar da iska mai guba, kuma ana iya haɗa abin fashewa da ita. Rundunar Birtaniya ta koma wani daskararren mai na itanol da ake kira FireDragon, sannan daga Oktoban 2023 ƙasar ta hana jama'a mallakar hekzamin sai da lasisi.

Amurka kuwa ta kauce wa wuta gaba ɗaya. Tun farkon shekarun 1990 ake saka wata ƙaramar jaka a ƙunshin abincin sojanta, mai garin maganiziyam da ƙarfe da gishiri. Da an zuba ruwa kaɗan sai ta yi zafi. Ba hayaƙi, ba haske. Iyakarta ɗumama dafaffen abinci. Ba ta dafa ɗanyar shinkafa.

A Yukren, masu aikin sa-kai sun farfaɗo da tsohuwar dabara: gwangwanin abinci, a naɗe kwali a ciki, a zuba narkakken kakin kyandir. Yana ci sa'o'i, ba ya hayaƙi sosai, kuma kusan kyauta ne. Ba shi da sauri, amma yana isa ramin da tankar mai ba ta zuwa.

Haɗarin da ke cikin tanti

Duk murhun da ke cin wuta a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mai barci. Gobara ma tana nan. A Afrilun 1997 wuta ta tashi a tantunan Mina, mahajjata sama da 340 suka rasu, aka ɗora alhakin a kan tukunyar gas. Bayan haka Saudiyya ta kafa tantuna masu jure wuta, kuma tana hana shiga da tukwanen gas wuraren ibada a lokacin Hajji.

Inda babu zaɓi sai itace

A sansanonin 'yan gudun hijira na Borno, yawancin girki da itace ne, kuma samunsa yana nufin fita daji. A watan Maris na 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an sace fiye da mutum 200 a yankin Ngala, galibi mata da yara, lokacin da suka fita neman itace.

Ga masu sayo wa sojoji kaya da masu kula da sansanoni, farashin murhu shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Babban kuɗin yana kan hanyar da makamashin zai bi, da rayukan waɗanda za su ɗauko shi.