Na'urar rage ciwo da lantarki: me ya kamata ku sani?

Tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, samari da yawa suke tashi daga Agadas su tafi haƙa. Aiki ne mai cin baya da gwiwa. Haka ma direbobin hanyar Dirku da manoman albasa na Ayar suke fama. In ciwo ya tashi, da yawa sai su nemi tiramol wajen masu tebur. Kun dai san halinta: tana kama mutum ya kasa bari, wani ma ta sa shi jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Akwai wata hanya wadda ba ta shan ƙwaya ba ce. Na'ura ce ƙarama da ake kira TENS, girmanta kamar wayar hannu, da batir take aiki. Ana manna ƴan faci a fata kusa da wurin ciwon, sai ta tura lantarki kaɗan. Ba ta fizgar mutum kamar minjirya. Tsiki-tsiki kawai za ku ji. Jijiyoyi ne ke kai labarin ciwo zuwa ƙwaƙwalwa, shi kuwa wannan tsikin yakan tare masa hanya. Masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana wannan a 1965.

Tana aiki? Masana ba su zama baki ɗaya ba. A 2016 hukumar da ke tsara hanyoyin jinya a Ingila ta ce kada a ba da ita don ciwon ƙugu. A 2022 kuma aka haɗa bincike 381, aka ga ciwo yakan ragu lokacin da take manne da jim kaɗan bayan an cire. A ganinmu sauƙi ne na ɗan lokaci, ba warkarwa ba. Wanda ya ce muku tana kashe cuta, kuɗinku yake so.

Kafin ku saya, ku je babban asibitin Agadas a gano tushen ciwon, domin wani ciwon bayan alamar wata cuta ce. Kada a manna ta a kai, ko maƙogwaro, ko kan rauni, ko lokacin tuƙi ko wanka. Mai farfaɗiya da wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya su guje ta. Mai juna biyu kuma ta fara tambayar ungozoma.