Mi za a dafa yau? Tambayar da ke cinye mana aljihu



Akwai tambaya guda da ake yi kowace safiya a kusan kowane gida, daga Dogon Dutsi har Tibiri, daga Matankari har Kore Mairuwa: mi za a dafa yau? Uwargida ce take yin ta. Maigida ya laluba aljihu, ya ajiye abin da ya samu, ya hau babur ya tafi. Daga nan wahala ta koma kan mace guda: ta aiki yaro wurin mai tebur ya sayo mai na dala 20, ta aiki yarinya ta sayo rabin tiya ta kai niƙa, a nemo itace, a nemo magi da tonka. Kafin tuwon dare ya sauka an yi aike biyar ko shida. Gobe kuma a sake daga farko, kamar jiya ba a yi ba.

Ra'ayina shi ne wannan tsarin na kullum-kullum yana cikin abubuwan da ke talauta gidajenmu ba mu sani ba. Ina kira ga kowane matashi mai iyali, da wanda ke tallafa wa gidan iyayensa, ya zauna da mutanen gidan sau ɗaya a wata, da takarda da biro, a rubuta kalacin dare na kwana 30 tun watan bai kama ba.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai yayin Turawa ne, na masu firji cike da nama. To, a can Turai da Amurka abin da suke yi daban ne, su dafa su daskarar. Mu nan wuta ba ta da tabbas, gidaje da yawa ma ba firjin. Abin da nake magana a kai ya girmi firji nesa ba kusa ba. Sunansa rumbu.

Ku tuna yadda kakanninmu na Arewa suke yi. In an gama girbi, mai gandu ya san dammunan da suka shiga rumbu, ya san bakunan da zai ciyar, ya san watannin da suka rage kafin sabon hatsi. Ba kowa ke buɗe rumbu ba, ba kuma kowace rana ba. Ana ware iri tun farko, ana ware zakka, ana ware abin da za a ci lokacin noma, lokacin da jiki ya fi bukatar ƙarfi kuma hatsi ya fi tsada. Mata su ma suna da nasu lissafin: wake da gujiya da yakuwar gamanarsu, kuka da kuɓewa busassu, daudawa a ajiye. Waɗannan mutane ba su shiga lakkol ba, amma suna tsara cimar shekara guda. Mu da muka yi jami'a muna kasa tsara ta mako. Har a cikin ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, shawarar da ya ba mutanen Masar ke nan: a ajiye amfanin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa saboda shekarun fari. Haka rumbunmu yake ajiye hatsi har yau.

Da muka shigo gari muka koma cin albashi da ribar sana'a, sai muka bar rumbu a ƙauye, muka bar lissafinsa tare da shi.

Bari mu yi lissafin da kanmu. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne a wata. In ka raba shi kwana 30, sefa 1,400 ke nan a yini, kuma cikinsa ne haya da ruwa da wuta da magani. Mai irin wannan samu ba ya da dala ɗaya ta zubarwa. Amma shi ne ya fi kowa sayen abu da tsada, don shi ne mai saye kaɗan-kaɗan.

Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗauke da tiya wajen 40. A ce gidanku na cin tiya ɗaya a yini, kuma a ce bambancin da ke tsakanin farashin buhu da na awon cikin unguwa dala 10 ne kacal a kowace tiya. A wata sefa 1,500 ke nan, a shekara jikka 18. Hatsi kaɗai fa. Ka ƙara da mai da ake saye a leda maimakon lita, da sukari, da shinkafa, da kuɗin kabu-kabu na zuwa kasuwa sau da yawa, da canjin da ke ɓacewa a hannun yara. Ban ce mai tebur azzalumi ne ba. Shi ma neman na tuwo yake, kuma dole ya ɗora ribarsa a kowane ƙulli. Amma ribar nan daga tukunyarka take fita.

Sai kuma bashi. Gidan da ba ya da tsari yakan ci da kyau daga ranar 1 zuwa ranar 10: shinkafa da nama, taliya, lemo. Daga 20 ga wata sai littafin mai kanti. Albashi na zuwa a biya bashi, abin da ya rage ba zai sayi buhu ba, sai a koma ƙulle-ƙulle. Haka wata ke bin wata.

Abin da takardar nan take yi mai sauƙi ne. Ba sai kun ƙirƙiro abinci iri 30 ba. Ku tsara dare bakwai, ku maimaita sau huɗu. Misali, dare uku tuwon hatsi ko na masara, miya tana sauyawa tsakanin kuka, kuɓewa da yakuwa. Dare ɗaya shinkafa da wake. Dare ɗaya dambu da zogala. Dare ɗaya ɗan wake ko faten wake. Daren Juma'a, ranar kasuwar Dutsi, a yi abin marmari da ɗan nama ko kifi in hali ya yi. Da zarar an rubuta wannan, sauran lissafin zai fito da kansa: tiya nawa na hatsi, nawa na wake, lita nawa na mai, itace ko gas na nawa. Kayan da ba sa lalacewa a saye su sau ɗaya a farkon wata. Ɗanyen kaya, tumatir da ganye da nama, a ware kuɗinsu kashi huɗu, kowane mako da nasa, kada na mako na uku ya shiga na farko.

Kuma takardar ta bi kalandar ƙasarmu. Allah ya ba mu Dallol Mawri, ruwa kusa, lambuna ko'ina. Daga Janairu zuwa Maris dankalin turawa na Dutsi yana fitowa, har ana lodinsa zuwa Yamai, tumatir da kabeji da albasa suna araha. Lokacin ne ya kamata su cika tukunya, lokacin ne kuma za a yanka tumatir a shanya kauɗa, a yi gabu, a busar da tattasai don watannin da za su yi wuyar samu. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, hatsi da wake suke sauka. Wanda ya saye su a lokacin ya huta da farashin Yuli da Agusta. Waken ma yanzu ba a tsoron ƙwari kamar da, tunda akwai buhun PICS mai ciki uku da ke ajiye shi watanni ba tare da magani ba. Azumi da sallah da komawar yara lakkol a Oktoba duk sananne ne lokacinsu, ba su taɓa zuwa ba zato ba. Mu ne muke yi kamar sun yi mana sammako.

Yanzu zancen lokaci, wanda mu maza ba mu cika lissafa shi ba don ba namu ne ke tafiya ba. Wa ke tsayawa layin injin niƙa kullum? Wa ke zuwa neman itace da la'asar? Ƙannenmu mata. Yarinyar da za ta rubuta BEPC bana, ita ce ake tasowa daga kan littafi a ce maza je ki sayo daudawa. In an san abin da za a dafa, niƙa sau ɗaya a mako ya isa, a shanya garin ya bushe a rufe shi. Wake a jiƙa shi tun da rana, ya nuna da wuri, itace ya ragu. Matar da ke sana'a ko aikin ofis ta san tun safe abin da ke jiran ta, ba sai ta dawo a gajiye ta fara tunani ba. Wannan tunanin na kullum shi kansa aiki ne, kuma ba wanda ya taɓa biyan kowa ladansa.

Shi ya sa nake cewa takardar nan ta maza ce kamar yadda take ta mata. Muna zama fada mu kwashe awa uku muna shayi muna warware matsalar duniya, daga AES har Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ka tambayi ɗayanmu litar mai nawa gidansa ke sha a wata, sai ya ce sai an tambayi madam. Mutumin da bai san wannan ba shi ne mai ajiye jikka guda da safe ya dawo da dare yana faɗan ba nama a miya. Zaman minti 30 da takarda zai kashe rigingimu da yawa da ake kai wa iyaye sasantawa. In gidan iyaye ne, ka samu tsohuwa ka ce: "Inna, ki faɗa mini abin da kuke ci a wata, in riƙa sayowa gaba ɗaya." Za ka sha mamakin yadda lissafin yake zaune a kanta, ba ta dai taɓa samun wanda ya tambaya ba.

Akwai hanzari biyu da nake ɗauka da muhimmanci.

Na farko: mai kabu-kabu, da tela, da mai turin kura, da malamin kwantiragi da kuɗinsa ke makara, ina za su ga kuɗin buhu a farkon wata? Gaskiya ne, kuma su ne mafi yawa. Amma tsari da sayen sari abu biyu ne. Ko kuɗinka kullum yake shigowa, sanin abin da za a dafa yana hana sayen gaggawa, kuma yana nuna maka abin da ya kamata ka fara tarawa. Sannan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida huɗu su haɗa su sayi buhu ɗaya, kowa tiya 10. Iyayenmu mata sun daɗe suna adashi don biki da kayan ɗaki. Mi zai hana fada guda ta yi adashin hatsi da kaka? A ƙauyuka ana da rumbun tsimi, ana kuma da tsarin warantaji da ya shigo Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, inda manoma ke ajiye amfaninsu a sito su karɓi bashi, su fitar da shi lokacin da ya yi daraja. Unguwannin gari ma suna iya yin nasu daidai ƙarfinsu.

Na biyu: mu ba ma ƙidaya loma, baƙo na iya sauka kowane lokaci, abinci kuma rabo ne. Wallahi ni ma ba na son ranar da za a ce Ba'are ya rufe ƙofa don baƙo ba ya cikin takarda. To a sa shi ciki. A rubuta kwanon baƙo, da na almajiri, da na tsohuwar maƙwabta, kamar yadda ake ware zakka tun a bakin rumbu. Gidan da hatsinsa ya ƙare ranar 20 ga wata, shi ne ke jin nauyi in an yi sallama. Mai tanadi shi ke iya cewa bisimilla da sakin fuska.

Kada kuma wani ya fahimce ni a karkace. Takarda ba ta sauke wa hukuma nauyinta. Mun ga abin da ya faru bayan 26 ga Yulin 2023: CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da ta Benin, kayan da ke biyowa ta Kwatano da Gaya suka tsaya, a daidai watan da Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta. Ba uwargidan da ta jawo wannan, amma a tukunyarta ya sauka. Gidajen da suke da ɗan hatsi da wake a ajiye sun samu lokacin numfasawa, masu saye kullum kuwa a ranar suka ji shi. Haƙƙinmu ne mu nemi hatsin OPVN mai rangwamen farashi ya iso kan lokaci kuma ya shiga hannun mabukata, a biya ma'aikata a kan kari, a taimaki masu lambu da wurin ajiya don kada dankali da albasa su ruɓe ko a sayar da su a wulaƙance. Amma ɗan ƙasar da ya san tiya nawa gidansa ke ci, da nawa ya saye ta a watan jiya, ya fi iya tsayawa gaban magajin gari ko ɗan kasuwa ya yi magana da hujja. Wanda bai san lissafin gidansa ba, da wuya ya bi diddigin na gwamnati.

Don haka ga abin da nake roƙo. Kafin watan gobe ya kama, ku ware dare ɗaya bayan isha'i. A kira uwargida, a kira yaran da suka iya rubutu, su ne ma za su riƙe biro. A rubuta dare bakwai, a fitar da awo, a manna takardar a bangon madafa. A ƙarshen wata ku duba abu uku: nawa aka kashe, sau nawa aka je wurin mai kanti da littafi, sau nawa aka taso yarinya daga karatu. In kun ga bambanci, ku koya wa gida ɗaya a unguwarku, ku kuma kawo zancen adashin hatsi a fadarku tun kaka ba ta wuce ba.

Allah ya sa albarka a abin da muke samu, ya ba mu damina mai kyau.