Wa Ya Koya Wa Yaran Achika Ƙin Fuskar Su?

Kwanakin baya na je gida Achika ɗaurin auren wani ɗan baffa na. Da la'asar, bayan jama'a sun watse, sai waya ta ta mutu, don haka na gangara wani shago da ake caji da sola. A ƙuryar shagon akwai talabijin da na'urar PS, yara sun yi cincirindo kamar ana rabon alewa. Cikin su har da ɗan yaya ta, yaro ɗan shekara goma sha uku, baƙi siɗik kamar ni, kamar uban sa, kamar kakan sa da ya yi zamani ya na kai shanu kara ranar Juma'a a Wudil.

Ba wasa na tarar ya na bugawa ba. Ɗan ƙwallo ya ke ƙerawa. Ga wanda bai saba da harkar gem ba, yawancin wasannin nan su na da wani shafi da ake shiga kafin a fara, inda za a ba ka mutum tsirara ba kamanni, a ce tsara shi yadda ka ga dama. Kai za ka zaɓi tsawon sa da kaurin sa, launin fatar sa, askin sa, girman hancin sa, har takalmin da zai sa. Yaron nan ya rubuta sunan sa na yanka, ya zaɓi Nijeriya a matsayin ƙasa, ya ɗauki lamba bakwai. Da aka zo kan fata sai na ga ya wuce baƙi, ya wuce wankan tarwaɗa, bai tsaya ba sai da ya kai ga fari tas. Ya ɗora gashi mai santsi da ke zubowa a goshi, ya matse hanci ya koma kamar biro.

Na ce, “Kai, wannan kuma wane ne?”

Ya ce, “Ni ne mana, Kawu.”

Na ce, “Kai ɗin?”

Ko waiwayo wa bai yi ba ya ce, “To Kawu, so ka ke in yi shi mummuna?”

Wallahi tun daga ranar maganar nan ta tsaya mani a maƙogwaro. Shi ya sa na ce bari in amayar da ita a wannan fili, domin masu laifin su na karanta mujallar nan duk wata.

Na sha zama da 'yan fim da marubuta ana kukan wai gem ya janye yara, ya ɓata tarbiyya, ya sa su na kwaikwayon Turawa. Abin dariya, irin wannan zargi ne dai malamai da iyaye su ka yi ta yi wa su 'yan fim ɗin, har ta kai gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Yanzu wanda aka daka jiya ya samu wanda zai daka. To kafin su ɗaga taɓarya, ina da tambaya: da aka ba yaron can zaɓi, ba wanda ya tsare shi da bulala, a ina ya samo hoton da ya zana?

Kada a ce na wanke masu yin gem. Su ma su na da nasu kashin a gindi. Shiga shafin tsara jarumi na kowane babban wasa ka nemi kan ka. Za ka samu hular kaboyi, hular sojan Jamus, rawanin ɗan fashin teku, har kan zomo. Amma zanna bukar fa? Ƙube fa? Babbar riga mai aska takwas, irin wadda mutanen ƙasar Wudil su ke kashe idanun su wajen ɗinkawa da hannu? Babu. Za ka ga tabon wuƙa iri-iri a fuska don mai son ya fito a ɗan daba, amma ba za ka ga bille ko kalangu ko 'yar baka ba. A ɓangaren mata, gashin Turawa kala-kala, kitso kuwa ɗaya ko biyu, su ma kamar an shafa kwalta a ka. Ba shuku, ba kalaba, balle a yi zancen lalle.

Su kan su baƙaƙen fata na Amurka da Ingila sun daɗe su na wannan faɗa. Wasan The Sims ya fito tun 2000, kuma gaba ɗayan sa tsara mutane ne da gidajen su, amma sai a Disamba 2020, bayan an yi masu ca, kamfanin EA ya ƙara launin fata sama da 100 a The Sims 4. Kafin nan masu bugawa ne da kan su ke toshe ɓarakar, irin su wata 'yar Landan, Danielle Udogaranya, da aka fi sani da Ebonix, wadda ta riƙa zana kitso da askin baƙar fata mutane su na saukewa. Da kamfanonin su ka farka kuma sai su ka maƙale wa aski ɗaya, wato irin na Killmonger a fim ɗin Black Panther na 2018. Shi aka ɗora wa Miles Morales a wasan Spider-Man 2 na 2023, shi aka ɗora wa Eddy Gordo a Tekken 8 na 2024, kai ka ce wanzami ɗaya ne a duk duniyar baƙar fata. A 2023 har sai da aka fitar da wani kundi mai suna Code My Crown don koya wa masu zanen gem yadda gashin mu ya ke. Wa ya ɗauki nauyi? Dove, na kamfanin Unilever, kamfanin da ya shafe shekaru ya na sayar wa Indiyawa man ƙara haske na Fair & Lovely, wanda sai a 2020 aka sake masa suna. Duniya kenan.

Duk na yarda da wannan. Amma bai amsa tambaya ta ba, domin a wasan da ɗan yaya ta ke bugawa akwai baƙar fata a jerin zaɓin. Ya gan ta, ya tsallake ta.

Ga abin da ya ƙara ɗaure mani kai. A cikin na'urar shagon nan akwai Kano Pillars. Kowa ya san kamfanin Konami na Japan bai san da zaman Pillars ba. Su da su ka yi shekaru su na kiran Manchester United da “Man Red”, Arsenal kuma “North London” a wasan PES saboda ba su sayi izinin sunayen ba, ina za su tuna da Sai Masu Gida? Shi ma wasan FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ya taɓa sa Kaizer Chiefs da Orlando Pirates na Afirka ta Kudu, amma gasar Nijeriya ba ta taɓa shiga ba. To ta yaya Pillars ta shiga na'urar Achika? Yaran ne su ka gina ta. Sun shiga shafin gyara, sun ɗauki wani kulob da ba su damu da shi ba, sun goge sunan sa, sun rina rigar ruwan ɗorawa da kore, sun bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya su na sake masu suna. Mai shagon ya ce mani kwana da kwanaki su ka yi a kai, kuma da kuɗin su, domin lokacin da ka ɓata a shafin gyara ma sai ka biya. Har musu su ka riƙa yi kan gudun da ya kamata a ba Ahmed Musa.

Ka ga kenan yaran nan ba ragwaye ba ne, kuma ba bayin abin da Bature ya ba su ba ne. Idan su na alfahari da abu, ko babu shi a cikin na'ura sai sun cusa shi. Pillars ta ba su abin alfahari: ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Aisland biyu a 2018. Saboda haka rigar Pillars ta cancanci wahalar kwanaki. Fuskar gidan su kuwa, wadda dannawa ɗaya ta isa a same ta, ba ta cancanta ba. Wa ya rage mata daraja haka?

Mai karatu, ɗauko littafin soyayya na kusa da kai, ko na takarda irin wanda mu ka riƙa haya a da, ko wanda ake turawa ta waya yanzu. Buɗe inda aka fara siffanta jarumar. Na ci amanar alƙalami na idan a mafi yawan su ba doguwa ba ce, fara sol, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, sannan a ƙara da cewa in ka gan ta sai ka rantse Balarabiya ce ko Ba'indiya. Wato iyakar yabon da marubuciya Bahaushiya za ta yi wa 'yar Bahaushe shi ne a ce ba ta yi kama da Bahaushiya ba! Shi ma jarumin haka, sai an nemo masa kaka Shuwa ko uwa 'yar Sudan kafin ya cancanci mota da kamfani. Baƙa kuwa ta na nan, amma ita ce kishiya mai bin bokaye, ko 'yar aiki, ko ƙawar da ke kai saƙo. In an yi mata adalci a ce “baƙa ce amma kyakkyawa”. Wannan “amma” ɗin ita ce cutar. Marubuci ya fi mai gem laifi, domin shi ba a ba shi jerin zaɓi ba. Farar takarda ce a gaban sa, duk abin da ya ga dama zai iya halitta, amma shekara da shekaru ana maimaita mace ɗaya da sunaye daban-daban.

Sai 'yan fim. Daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau an haura shekara talatin. Tun da Sangaya ya yi tashe aka gane rawa da waƙa ne ke sayar da kaset, sai aka ɗauko ma'aunin kyau na Indiya aka haɗa da shi, kuma ma'aunin nan ba boyayye ba ne, tunda Shah Rukh Khan da kan sa ya yi tallar man ƙara haske na maza. Na taɓa zama a wajen tantance sababbin 'yan wasa, ba zan faɗi kamfanin ba. Wata yarinya ta yi wasan da ya sa ɗakin ya yi tsit, har mai riƙe da kyamara ya share ido. Da ta fita sai mai kuɗin fim ɗin ya ce ta iya, amma fuskar ta ba za ta ɗauki fosta ba, a ba ta ƙawar jaruma. Ba wanda ya ce uffan, har da ni, kuma ina jin kunyar hakan har gobe. Wadda aka ɗauka ɗin ma ba a bar ta haka ba: mai kwalliya ya yi mata yaɓe, mai fitila ya ƙara, mai tace hoto ya wanke sauran. Fuska fara, wuya da gwiwar hannu su na ba da shaidar gaskiya. In wannan ba tsara jarumi ba ne irin na gem, to mene ne?

Ina aka ajiye baƙin ƙauye mai faffaɗan hanci? A camama. Mu mutanen yankin nan mun fi kowa sani, domin marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙan sa, ɗan Ɗanlasan ne, nan maƙwabtan mu. Har ya rasu a Disamba 2014 ba a yi wanda ya kai shi jan kasuwa a fagen barkwanci ba, kuma ya nuna cewa jama'a za su fitar da kuɗi su sayi fuska irin tasu. Amma darasin da masana'antar ta ɗauka shi ne: mai irin wannan kama a ba shi dariya, soyayya da kuka da arziki a kai wa farare. Yaro ya tashi ya na kallon haka kullum a wayar uwar sa. Me ka ke jira ya zaɓa ran da aka miƙa masa abin dannawa?

Na san amsoshin da za a ba ni. Za a ce fari ma halittar Allah ce, kuma a cikin mu akwai farare tun asali. Haka ne, ba da su na ke faɗa ba, a dangin mu ma akwai su. Faɗa na da wanda ya mayar da kashi ɗaya na jama'a ya zama shi kaɗai ne kyau. Za a ce kasuwa ce ke so. Wannan ita ce hujjar malalacin furodusa tun zamanin kaset. Wa ya horar da kasuwar? Ka shekara talatin ka na ba mutum abinci iri ɗaya, sannan ka ce ai shi ya ke so? Za a kuma ce wasan yara ne, na cika tsaurin ido. To a je a tambayi hukumar NAFDAC, wadda a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Yaro a gem dannawa ya ke yi, in ya gaji ya goge. Yayar sa kuwa a kan fatar ta ta ke yin nata gyaran, da mayukan da wasu ke ɗauke da sinadarin makyuri mai lalata ƙoda, kuma ita ba ta da madannin komawa baya.

Ni ba na jiran Japan ta ɗinka mana zanna bukar. Mutanen Kamaru ba su jira ba, kamfanin Kiro'o ya fitar da wasan Aurion a 2016 da jarumai masu kama da su. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan a Wudil cike da masu karatun kwamfuta, wata rana wani zai yi mana wasan dambe ko na hawan sallah. Tsoro na shi ne ran da zai zauna zana jarumin, littattafan nan da finafinan nan ne a cikin kan sa.

Kafin in bar shagon na biya kuɗin wasa biyu, na ce wa yaron ya sake ƙera ɗan ƙwallon, wannan karon ya dubi fuskar sa a gilashin waya ta. Ya yi, ya na ta ƙunƙuni. Da hoton ya fito sai ga shi sak uban sa, har ni sai da gaba na ya faɗi. Abokan sa su ka fashe da dariya, wani ya ce, “Kai, ga ɗan camama!” Da wannan ɗan wasan ya ɗauki Pillars ya lallasa ni huɗu da nema. Washegari da safe na biya karɓar waya ta kafin in hau mota, na leƙa na'urar. Sunan na nan, lamba bakwai na nan, Pillars na nan da ruwan ɗorawa da koren ta. Fatar ta koma fara.