Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Zango da Neman Tallafin Karatu a Ƙasashen Waje



A zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu a nan Kumasi, watan Janairu da na Fabrairu suna da baƙinsu na musamman. Uba ne zai shigo riƙe da ambulan, ɗansa na biye, ya durƙusa ya gaida Maigida, ya ce yana neman takardar shaida domin yaro zai nemi karatun jami'a kyauta a waje. Mu tambayi ranar rufewa, a ce jibi. Mu tambayi fasfo, a ce ba a yi ba tukuna. Bara an kawo mana takardun wata yarinya mai hazaƙa, sakamakon WASSCE ɗinta sai son barka, amma sunanta kashi uku: na takardar haihuwa daban, na Ghana Card daban, na takardar jarrabawa daban. Kafin a daidaita, ƙofa ta rufe. Mahaifinta ya ce ba rabonta ba ne. Mun yi shiru don girmansa, amma zuciyarmu ba ta yarda ba.

Rabo gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai abin da muke gani a zauren nan shekara da shekaru ya nuna mana cewa yawancin 'ya'yanmu ba a wajen gasar ƙwaƙwalwa ake kayar da su ba. Tun a bakin ƙofa suke faɗuwa, saboda takarda da lokaci. Neman cikakken tallafin digirin farko aiki ne na shekara guda cur, kuma ya fi ƙarfin yaro shi kaɗai da wayarsa.

Mu fara da sanin ƙofofin, domin da yawa suna ƙwanƙwasa wadda ba tasu ba. Chevening na Ingila, wanda sunansa ya cika bakin samari, na masu digiri na biyu ne. Wanda ya gama sakandare ba shi da kaso a ciki. Amma akwai na digirin farko. Gwamnatin Turkiyya tana da Türkiye Bursları, wanda bisa al'ada ake nema daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Yana ɗaukar kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi da alawus na wata, ga shekara guda ta koyon Turkanci. Sharaɗinsa shi ne mai nema ya kasance bai kai shekara 21 ba, da maki kashi 70 cikin ɗari, ga masu son likitanci kuwa kashi 90. Hangari tana da Stipendium Hungaricum, wanda ke rufewa a tsakiyar Janairu, kuma cike fom ɗinsu kaɗai bai isa ba, sai hukumar ƙasar mai nema ta miƙa sunansa. Japan tana da MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinta, da jarrabawa a rubuce da ganawa, sannan shekara guda ta koyon harshe. A Amurka, jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT ba sa duba aljihun ɗalibi wajen ɗaukarsa. Idan ya samu shiga, suna cike masa abin da iyayensa suka gaza, ko da baƙo ne. Ƙofa ce ƙunci ƙwarai, amma tana nan, kuma cibiyar EducationUSA a Accra tana ba da shawara a kanta.

Ɗaliban makarantunmu na Arabiyya su ma ba a bar su a baya ba. Jami'ar Musulunci ta Madina, da aka kafa a 1961, ta daɗe tana karɓar 'yan ƙasar nan kyauta, haka ma Azhar ta Masar. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana da shiri na musamman ga Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba mambobinsa ba. Amma a lura: a matakin digirin farko rance ne marar ruwa, wanda ɗalibi zai mayar cikin asusun ilimi na ƙasarsa bayan ya fara aiki, domin na baya su amfana. Wannan ya isa darasi. A karanta sharuɗɗa kafin a yi murna, a san ko tallafin ya haɗa da abinci da masauki da jirgi, ko kuwa kuɗin makaranta kawai ya yafe. Rabin tallafi ga ɗan talaka a ƙasar sanyi wahala ce, ba gata ba.

Yanzu sai cikas ɗin da ya fi damun zango. Na farko suna. Mu mutane ne masu suna ɗaya, rubutu goma. Wanda limami ya raɗa wa Isiyaku, ma'aikacin rajistar haihuwa ya rubuta Issaka, malamin firamare ya rubuta Ishaq, shi kuma da ya girma ya ƙara sunan kakansa. A gida duk mun san shi, amma jami'in da ke duba takardu a Ankara ko Budapest mutum uku yake gani. Gyaran wannan yana bukatar takardar rantsuwa, wani lokaci har da buga sanarwa a gazet ta gwamnati, kuma ba a kwana biyu ake gama shi ba. Lokacin gyara shi ne kafin a yi rajistar WASSCE, tun yaro yana aji biyu na babbar sakandare.

Na biyu shekaru. Da yawa daga 'ya'yanmu sun fara da allo kafin boko, wasu sun tsaya taya iyaye kasuwa, don haka suna gama sakandare a makare. Mu da muka tashi a gaban alaramma ba za mu taɓa kiran wannan asara ba. Amma iyakar shekara 21 ba ta san uzuri ba. Yaron da ya gama yana da 20, aka ce ya huta shekara guda ya ga abin da hali zai yi, an rufe masa ƙofa ba tare da an sani ba. Kuma kada a yi gangancin rage shekaru a takarda: ƙarya fure take yi, ranar da ta bayyana har abin da aka samu sai a ƙwace.

Na uku 'yan damfara. An taɓa kawo ƙara zauren nan, wani ya karɓi kuɗin gidaje huɗu da alkawarin gurbi a Turai, daga nan wayarsa ta daina shiga. A sani, neman Türkiye Bursları da na Hangari da na Japan ba a biyan ko sisi, kuma ɗalibi ne ke cikewa da hannunsa. Duk wanda ya ce yana da hanya a ciki, hanyar aljihunka yake nema.

Na huɗu rubutun bayanin kai. An horar da 'ya'yanmu da kunya da kawaici, ga shi ana so su bayyana ko su wane ne. Sai su kwafo na wani daga intanet, masu tantancewa kuwa sun ga irinsa dubu. Alhali yarinyar da ta haddace izu talatin, take koyar da ƙanana da yamma, take riƙe wa mahaifiyarta lissafin shago a kasuwar Kejetia, tana jin Hausa da Twi da Turanci da Larabci, tana da labarin da ba ya bukatar gishiri. Faɗin gaskiyar abin da mutum ya yi ba alfahari ba ne.

Mun san masu cewa tura yaro nesa, musamman 'ya mace, sakaci ne da tarbiyya. Damuwarsu tana da tushe, ba ma raina ta. Amma maganinta bincike ne, ba hani ba: a san garin, a san masaukin, a nemi 'yan ƙasarmu da ke karatu a can. Mu tuna kakanninmu fataken goro ne da suka bar Kano da Katsina suka bi hanyar Salaga har suka kafa zangon nan. Tafiya neman alheri gadonmu ce, kuma ba su taɓa tashi ba madugu ba guzuri ba.

Don haka ga roƙonmu. Yadda muke da kwamitin biki da na jana'iza, kowace unguwa, daga Aboabo zuwa Asawase, ta ware mutum uku masu ilimin zamani su zauna da 'yan sakandare sau ɗaya a wata. A duba takardun kowane yaro, a rubuta ranakun rufewa a manna a ƙofar makaranta, a yi asusun fasfo da kuɗin tantance takardu. Waɗanda suka je suka dawo su karanta wa ƙannensu abin da suka rubuta kafin a aika. A nemi wuri biyar ko shida, kada a rataya buri a ƙusa ɗaya, kuma a nemi jami'o'in gida tare, domin tallafin Gidauniyar Mastercard a KNUST da Ashesi yana nan kusa da mu.

Takardar Maigida tana nan ga duk wanda ya cancanta, amma ba ta gyara suna, ba ta buga fasfo, ba ta mayar da ranar da ta wuce. Iyaye, ku buɗe akwati yau ku jera takardun 'ya'yanku, ku karanta sunan harafi bayan harafi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.