Arlit: yadda za ka shawo kan abokan aiki su yarda a mayar da biyan bashin kamfani kan na'ura

In kana aiki a wani ƙaramin kamfani a Arlit ko Akokan, ka san abin da ake kira ranar biya. Mai gazuwal yana bakin ƙofa, mai tayoyi ya turo yaronsa, takardar mai siminti kuma ta ɓace a cikin tarin takardu. Akwai hanyar rage wannan wahala, wato a sa kwamfuta ta riƙe lissafin bashin da ake bin kamfani. Sayen na'ura ba shi da wuya. Abin da yake da wuya shi ne samun yardar mutanen da za su yi aiki da ita.

Me ya canza a garuruwan yuraniyom?

An gina Arlit ne saboda ma'adinin yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a 1971, COMINAK kuma a Akokan a 1978. Shekaru da yawa ƙananan kamfanoni na sufuri, gini, gadi, walda da abinci sun rayu da kwangilar waɗannan manya biyu.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ɗaruruwan ma'aikata da ƴan kwangila suka rasa aiki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi har zuwa Fabrairu 2024, kaya suka yi wuyar shigowa, harkar banki ta yi nauyi. A Yuni 2024 gwamnati ta janye wa kamfanin Orano na Faransa izinin haƙa a Imouraren, a Yuni 2025 kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa.

Ma'anar wannan ga ƙaramin kamfani ita ce: a da, in an yi kuskure a lissafi, kwangila ta gaba tana rufe ramin. Idan masu ba da aiki suka ragu, kowace jika tana da muhimmanci. Kamfanin da bai san nawa ake bin sa ba, da ranar da zai biya, zai wayi gari masu kawo kaya sun daina ba shi bashi. A garin da yake kusan kilomita 240 arewa da Agadez, wanda ya rasa amincin masu kawo kaya ba ya samun madadinsu da sauri.

Hukuma ma ta canza aiki. A farkon shekarun 2020 ofishin haraji na Nijar ya kawo faktir mai tabbaci, wadda na'ura take fitarwa da lambar NIF da wata alama da ake dubawa da salula. Harajin TVA kashi 19 ne cikin 100. Mu ce ka sayi kaya na sefa 1,000,000. Za ka biya TVA 190,000. In faktir ɗin ta ɓace ko ba ta da tabbaci, kamfani zai iya rasa damar cire wannan kuɗi daga harajinsa. Dokar OHADA kuma ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10.

Me na'urar take yi?

Kowane saye yana da takarda uku: takardar odar kaya, takardar karɓar kaya, da faktir. Ana shigar da ukun cikin manhaja. Ita kuma tana gwada su. In an yi odar buhu 100, aka karɓi 90, faktir ta ce 100, za ta tsayar da biya har a bincika. In faktir ɗaya ta shigo sau biyu, za ta nuna. Tana kuma jera ranakun biya, ta tuna wa mai sa hannu. Bayan an amince, kuɗi su tafi ta banki ko ta salula, shaida ta zauna a ajiye.

Na'ura ba ta kawo kuɗin da babu. Ba ta kuma gyara ƙarya, domin abin da aka ba ta shi take riƙewa. Ka faɗi wannan tun farko, kada a yi tsammanin abin da ba zai yiwu ba.

Me ya sa abokan aiki suke ƙi?

Kada ka ɗauka duk mai ƙi jahili ne ko maci amana. Kowa yana da dalilinsa.

Maigidan kamfani yana tsoron kashe kuɗi a lokacin ƙunci. Yana kuma son ya riƙa zaɓen wanda zai fara biya da bakinsa. Ka nuna masa cewa ikon sa hannu yana wurinsa, har ma zai iya amincewa da biya ta salula ko yana Yamai.

Kontabul, wato mai riƙe da lissafi, yana tsoron aikinsa. A garin da mutane suka ga an rufe COMINAK, wannan tsoro ba wasa ba ne. Ka nemi maigida ya faɗa a gaban kowa wane aiki kontabul zai riƙe: duba takardu, bin bashin da kamfani yake bin wasu, da shirya lissafin haraji. In ba a yi niyyar riƙe shi ba, kada a yi masa alkawarin ƙarya.

Mai kula da mangaza wataƙila karatunsa bai yi zurfi ba, yana jin kunyar a gane. Shi ne kuwa ya san abin da ya shigo da gaske. A koya masa shi kaɗai, cikin Hausa ko Tamajak, a fara da ɗaukar hoton takarda da salula.

Ma'aji da masu kawo kaya sun saba da kuɗi hannu da hannu, da gaisuwa da shan shayi. Wani zai ga neman takarda kamar zargi ne. Ka bayyana masa cewa takardar ita ce za ta sa a biya shi a kan lokaci, ko wanda ya sani ba ya nan.

Akwai kuma wanda yake cin riba da duhun lissafi. Kada ka kira sunan kowa a taro. In tsari ya zauna, ƙofar za ta rufe da kanta.

Matakai biyar

1. Ka tara shaida daga cikin gida. Ka ɗauki takardun wata 3 da suka wuce, ka ƙirga: faktir nawa suka shigo, nawa suka ɓace, nawa aka biya a makare, nawa aka biya sau biyu.

2. Ka fara da kontabul kafin maigida. In ya ji labari daga sama, zai ɗauka an shirya masa tarko. In da shi aka tsara, shi zai kare aikin.

3. Ka kawo farashi cikakke: kwamfuta, manhaja, horo, kuɗin intanet, batir ko faranti mai aiki da rana. Ka ajiye shi kusa da asarar da ka ƙirga, maigida ya gwada da idonsa.

4. Ku gwada da kaɗan. Ku zaɓi masu kawo kaya 5, ku yi wata 2 ana rubutawa a littafi da na'ura tare. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Ku raba iko. Wanda ya shigar da faktir kada ya zama mai amincewa da biya. Kowa da lambar sirrinsa. In wani ya kira ya ce lambar asusunsa ta canza, a tabbatar ta wata hanya kafin a tura ko dala.

Ku shirya wa ranar matsala

Wuta tana ɗaukewa, rezo yana yankewa, ƙura da zafi suna lalata na'ura. In aka tsaya cik ranar farko da wuta ta tafi, masu ƙi za su ce ai mun faɗa. Saboda haka ku zaɓi manhajar da take aiki ko babu intanet, ku kwafe lissafi kowane mako a ajiye a wani wuri dabam, ku kuma adana takardun asali. Ku horar da mutum biyu aƙalla, kada aiki ya tsaya don mutum ɗaya ya yi tafiya.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

A wurin aikinka, wa ya san jimillar bashin da ake bin ku yau? In ya yi rashin lafiya, wa zai sani? Wane ne zai fi jin tsoron wannan canji, kuma me za ka fara faɗa masa?