Yini Guda a Dubai: Waya Ta Cika da Hotuna, Ido Ya Dawo Wayam

Duk wanda ke da ɗan'uwa ko aboki da ya taɓa zuwa Dubai ya san jerin hotunan tun kafin a turo masa su. Da hantsi ana tsaye a gindin Burj Khalifa, an ɗaga waya sama har wuya ya ƙage. Da azahar an shige Dubai Mall ana ɗaukar kifaye ta bayan gilashi. Da la'asar mota ta kwashi jama'a zuwa cikin rairayi, a hau raƙumi na 'yan mintoci. Da dare faranti ya iso, ba mai taɓa shi sai an gama ɗaukarsa ta kowace kusurwa, abinci na ta hucewa. Kamfanonin yawon buɗe ido na sayar da wannan yini kamar kaya a kwali, mai saye kuma ya dawo gida yana cewa ya ga Dubai. Ni kuwa ina cewa bai gan ta ba, kuma wannan rashin gani yana jawo mana asara.

Birnin kansa bai ɓoye manufarsa ba. A watan Janairun 2018 aka buɗe Dubai Frame, gini mai tsawon mita 150 da aka ƙera da siffar firam ɗin hoto. Garin da ya kashe dukiya ya gina wa kansa firam ya riga ya zaɓar wa baƙo inda zai tsaya da abin da zai kalla. Baƙon ya biya kuɗin jirgi da na masauki da na tikiti, sannan ya yi wa garin talla kyauta a Instagram, yana ganin shi ne ya ci riba.

Mu ɗauki hasumiyar da kowa ke ɗauka. Tsawonta mita 828 ne, wannan kowa ya haddace. Abin da hoto ba ya faɗa shi ne cewa Burj Dubai ne sunanta duk tsawon gininta. A ƙarshen 2009 bashi ya sha kan kamfanin gwamnati na Dubai World, Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10, kuma ranar buɗe ginin a Janairun 2010 aka raɗa masa sunan Sheikh Khalifa bin Zayed, sarkin Abu Dhabi na lokacin. Gini mafi tsawo a duniya yana ɗauke da sunan wanda ya ceci Dubai daga bashi. Wannan darasi ya fi kowane hoto amfani ga ɗan ƙasar da ke rayuwa a kan rance.

Asalin arzikin garin yana can inda ba a cika ɓata lokaci ba, a bakin mashigin ruwan da ya raba Deira da Bur Dubai. Bayan cinikin lu'ulu'u ya durƙushe a shekarun 1930, sakamakon lu'ulu'un da Japanawa suka koyi renonsa da kuma karayar tattalin arzikin duniya, Dubai ta ɗanɗani talauci na gaske. A ƙarshen shekarun 1950 Sheikh Rashid bin Sa'id ya ci bashi daga Kuwait ya yashe mashigin domin manyan jiragen kaya su iya shiga. Ba a gano fetur ba sai 1966, kuma da kuɗinsa suka zo aka zuba su a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, wadda aka buɗe a 1979, sai kamfanin jiragen sama na Emirates a 1985. Yasa da tasha da sauƙin haraji su suka haifi hasumiyoyin. Mai yini guda yana kallon 'ya'yan itace, bai san inda saiwa take ba.

Haka ma faranti. Ƙasar tana shigo da mafi yawan abincinta daga waje, ruwan da ke cikin kofi kuma daga teku aka tace shi. Mutum na iya ci sau uku a Dubai bai ɗanɗani harisa ko majbus ko luƙaimat ba, wato abincin 'yan ƙasa, domin kofi mai barbaɗin zinare ya fi su kyau a hoto. Su kansu 'yan ƙasar ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na mazauna ba. Wanda ya dafa, da wanda ya kawo, da wanda ya wanke kwano, galibi daga Indiya ko Pakistan ko Bangladash ko Filifin ko Afirka suka zo. Dubban lebura na kwana a unguwar da ake yi wa laƙabi da Sonapur, ma'ana birnin zinare a harshen Hindi, kuma babu motar yawon buɗe ido da ke bi ta can. A 2006 ma'aikatan da ke gini a harabar hasumiyar nan suka yi bore kan albashi da yanayin aiki, a shekarar ce kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan zaluncin da ake yi musu. An sami gyara tun daga lokacin, har da dokar hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Dokar kanta shaida ce ta irin zafin da aka ɗora kowane bulo a cikinsa.

Wani zai ce: mutum ya tara kuɗinsa ya je hutu, ina ruwansa da tarihi? Gaskiya ne, hutu halas ne, hoto ma ba laifi ba ne. Matsalar tana cikin abin da ake dawowa da shi. Masu kuɗi da masu mulkinmu na daga cikin masu yin wannan yini, kuma daga bakinsu muke jin alkawarin mayar da gari kaza Dubai. Abin da suke nufi shi ne gilashi da fitilu da gadar sama, ba lantarkin da ba ya ɗaukewa ko kwastan da ba ya riƙe kaya wata guda ba. Sun yi wa rogo kallon kitse, mu ne za mu biya kuɗin.

Abin mamaki, akwai mutanenmu da suka fi su sanin garin nesa ba kusa ba. 'Yan kasuwar Kano da hajiyoyin da suka shekara suna saro yadi da turare da zinare a lungunan Deira sun san yadda kaya ke fita daga shago zuwa jirgi ba tare da an tsaya roƙon kowa ba. Su ne suka ji a jikinsu lokacin da aka rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 zuwa 2024. Iliminsu ba ya shiga hoto, shi ya sa ba mai tambayarsu.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma sai in matafiyi ya ɗaga ido daga allon waya. Wanda yini guda kawai gare shi ya hau abra, ƙaramin jirgin katakon da ke tsallake mashigin, ya tsaya ya kalli yadda ake loda firiji da buhuna a jiragen da ke zuwa Iran da gaɓar Afirka, ya ci abinci inda direbobi ke ci, ya tambayi mai kawo masa shayi shekara nawa rabonsa da iyalinsa. In rana ta rage, hasumiya na nan, ba inda za ta je.